EEG kaɗai ba ta isar wa kowa

Wani marubuci ya ce haɗa awon ƙwaƙwalwa na EEG da na fNIRS domin majinyacin da jikinsa ya shanye ya iya sadarwa ta kwamfuta ɓarnar kuɗi ce: hular awon ta yi nauyi, wayoyi sun yi yawa, ga kuma binciken tawagar Niels Birbaumer na 2017 kan irin waɗannan majinyata da mujallar PLOS Biology ta janye a 2019. Batun nauyi gaskiya ne. Sauran ban yarda ba.

EEG na kama lantarkin ƙwaƙwalwa nan take, amma ƙashin kai na dusashe shi, ƙiftawar ido ma na gurɓata shi. An kiyasta kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na masu gwadawa ba sa iya sarrafa kwamfuta da ita. Su kuma fa? A bar su bebaye?

Ita fNIRS haske take aikawa ta fatar kai, ta auna iskar da jini ke kai wa sashen da ke aiki. Tana jinkirin daƙiƙoƙi, amma inda ɗaya ta rikice, ɗayar na iya gyarawa. Mutumin da aka tambaya ko yana jin ciwo, ya nufi "e" aka karanta "a'a", wa zai cece shi?

Binciken da aka janye kuwa, yadda aka sarrafa bayanansa ne matsalar. A sake gwajin, a buɗe bayanan kowa ya duba.