Ba Lasisin Giya Ne Zai Gina Garinmu Ba



Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, idon talaka ya koma kan ciyaman, shi kuma ciyaman ya shiga neman inda zai ƙaro kuɗin shiga. Wannan ba laifi ba ne. Amma a zamanmu na masu ruwa da tsaki, wasu 'yan gidanmu sun kawo shawarar a saki lasisin sayar da giya, a ƙara yawan mashaya a cikin gari, wai don kasuwanci ya motsa, matasa su samu aiki. A wajen na ce ban yarda ba, yau kuma ga hujjata a fili.

A gaskiya doka ta ba su dama. Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin bayar da lasisin giya da sa ido a kan sayar da ita, kuma jiharmu ba ta cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'a. To amma samun dama daban, riba daban. Mu yi lissafi.

Idan mutum ya sayi kwalba ɗaya, ina kuɗin ke zuwa? Kaso mafi tsoka na kamfani ne. Nigerian Breweries, Heineken ta ƙasar Holan ce ke da rinjayen hannun jari a ciki. Harajin da ake ɗora wa giya tun daga masana'anta na gwamnatin tarayya ne. Harajin VAT na kashi 7.5 kuma asusun tarayya yake tafiya, a ware wa ƙananan hukumomi kashi 35, a raba tsakanin 774. Abin da zai shiga aljihun ƙaramar hukumarmu kai tsaye shi ne ɗan kuɗin lasisi, shi ke nan. Kuɗin da magidanci zai kai wa mai shinkafa, tela da mai chemist a nan cikin gari, shi ne zai hau mota ya bar mu. Wannan ai kashin dankali ne, na ƙasa ke ɗaukar nauyi.

An ce manomanmu za su sayar da dawa. Kamfanonin suna sayen dawar Arewa tun da daɗewa, kuma ƙarin mashaya goma a garinmu ba zai ƙara wa buhu ko naira ɗaya ba. An ce aiki. Mashaya ɗaya mutum nawa take ɗauka? Mai miƙa kwalba, mai wanke kofi, mai gadi. Shi ne aikin da muka yi wa matasa alkawari a kan mumbarin kamfen?

Sai kuma asarar da ba a rubuta ta a takardar shawarar ba. Duk mai zuwa tasha da asuba ya san abin da wasu direbobi da 'yan acaɓa ke tsotsa a leda kafin su ɗauki fasinja. Saboda irin wannan ne NAFDAC ta sanar da hana giyar leda da ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200 a farkon 2024. In an yi hatsari, asibitinmu ake kawowa. In faɗa ya kaure da dare, 'yan sintirinmu ake tasa.

Kar a fahimce ni a baibai. Garinmu na Musulmi ne da Kirista, muna zaune lafiya, kuma ban ce a rufe wa kowa shago ko a fasa wa mai burkutu tukunya ba. Masu lasisi su ci gaba, a sa musu lokacin rufewa, a nisanta su da makarantu, masallatai da coci-coci, a hana sayar wa yara. Ƙarin ne na ƙi, kuma na san iyaye mata na ɓangarorin biyu da ke tare da ni.

In kuɗi ake nema, wannan jadawalin dai ya ba mu kasuwa, tasha da mayanka. Ranar kasuwa ku tsaya ku ƙirga masu karɓar kuɗi ba rasit. A toshe wannan ɓarakar tukuna, a gina rumfuna, a kai ruwa mayanka, a gyara hanyar da manoma ke fito da kaya.

Ranka ya daɗe ciyaman, mu ne muka bi gida-gida muka roƙa maka ƙuri'a, kuma mu ne za mu koma ƙofofin nan a 2027. In matar da mijinta ya shanye kuɗin cefane ta tambaye ni me muka kawo mata, me zan ce? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya ba shugabanninmu mashawarta nagari, Ya zaunar da garinmu lafiya.