Kafin A Sayi Ciya, A Dubi Riɗin Da Ke Cikin Rumbu

Wani sabon karin kumallo ya shigo yayi a manyan birane, kuma da yake wayar salula ta rage nisan da ke tsakanin Yamai, Kano da Magariya, hotunansa na iya isowa hannun kowace mace a rumfarta. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne baƙi-baƙi masu kama da riɗi, ana ce musu ciya, a jikin leda kuwa ana rubuta chia. Haɗin ba wuya: a zuba cokali 2 na ƙwayoyin a rabin kofin madara, a juya, a rufe, a sa a firji ya kwana. Kafin safiya sun sha madarar sun kumbura sun yi yauƙi, abin ya kama jikinsa kamar kunu mai kauri. Sai a yayyanka mangwaro ko ayaba a kai, a sha da cokali. Masu tallarsa na cewa yana riƙe ciki, yana gyara jiki, yana rage ƙiba.

Wannan jarida ba ta ce ciya yaudara ce ba. Abinci ne mai asali. Mutanen Meziko da Gwatamala sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma ta suna ci kafin Turawa su san da ita, kuma sai a 2009 Tarayyar Turai ta yarda a sa ta cikin abincin da ake sayarwa a ƙasashenta. Tana da harza mai yawa da ke taimaka wa ciki, tana da wani irin mai da ke da amfani ga zuciya. Amma ga mai tuyar ƙosai a Dungas ko mai sayar da kayan miya a Bande, tambaya biyu ce: nawa ne, kuma ina firjin? Ƙwayar da ta hau jirgin ruwa ta bi ta hannun dillalai kafin ta iso kanti ba za ta zo da araha ba. Batun firji kuwa, duk wanda ya ga yadda aka zauna cikin duhu bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 ya san ba a gina abincin kullum a kan lantarki. A bar ɗanyar madara ta kwana a ɗaki cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, da safe ba karin kumallo za a tarar ba, ciwon ciki ne.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake sha'awar na waje alhali kwatankwacinsa na fita daga ƙasarmu buhu-buhu. Bisa awon da ma'aikatar noma ta Amurka ta yi, giram 100 na ciya na ɗauke da sinadarin gina jiki kusan giram 17, riɗin da ba a cire wa ɓawo ba kuwa kusan giram 18. A sinadarin ƙarfafa ƙashi ciya na da miligiram 631, riɗi 975. A sinadarin ƙarin jini riɗi ya kusa ninka ta. Inda ciya ta fi shi a fili shi ne harza, ita kuwa harza akwai ta a gero da wake, in dai ba a surfe geron har ya yi fari fat ba. Wannan riɗi shi ne manomanmu ke sayarwa da kaka, a loda shi a mota zuwa Maigatari, daga can kasuwar Dawanau a Kano, daga can bakin teku, sai Sin, Japan da Turkiyya. A gida me ya rage? Kantu na kwaɗayin yara, da ɗan abin da ake sawa a miya. Haka zancen ƴaƴan kuka yake. Tun 2008 Turai ta amince da garinsu, ana sayar da shi a can cikin gwangwani a matsayin abincin masu kula da lafiya saboda yawan bitamin C, mu kuwa muna ganinsa abin tsotson yara a bakin hanya.

Da a ce maganar ado ce kawai da ba mu ɓata wannan shafi a kanta ba. Magariya da Dungas ƙasar noma ce, ga gero, ga gyaɗa, ga wake, ga raken fadamun Korama, amma duniya ta fi sanin Magariya da asibitin yara masu tamowa. Ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, wato MSF, ta zo nan ne a lokacin yunwar 2005. A watan Satumban 2018 ta ba da sanarwar cewa a cikin watan da ya gabata kimanin yara 10 ne ke mutuwa kowace rana a sashen yara na asibitin Magariya, akasari saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. A ƙasar baki ɗaya, sama da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Talauci na da hannu, zazzaɓi da gudawa na da hannu, ba mu musa ba. Sai dai a duba abin da ake ba yaron da ya rame a asibiti: wannan abinci na cikin ƙaramar leda, Plumpy'Nut, gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari, aka ƙara musu sinadarai. Wato an sayi gyaɗa an niƙa an dawo mana da ita a matsayin magani, bayan yaro ya riga ya kwanta.

Mu dubi kanmu, mu ƴan kasuwa. Mace ta tashi tun asuba, ta ɗora kaya a ka ko a amalanke, ta kama hanya ba ta sa komai a ciki ba, wai sai ta yi cinikin fari. In hantsi ya yi, shayi ne da sukari ya cika, da guntun burodi, ko lemon kwalba. Shayi in aka sha shi tare da abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini, ga shi kuwa kusan rabin matan Nijar da ke shekarun haihuwa na fama da ƙarancin jini. Jirin nan da ake ji da azahar a ɗora wa rana, sau da yawa daga nan yake. Yaron da aka bari gida kuma an bar masa koko tsararo, ko furar da aka cika wa ruwa har ta zama farau-farau, ciki ya cika amma jiki bai samu komai ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, hajiya, ko ciniki ma ba ya yiwuwa da jiki a sake.

Dabarar da ke cikin kwanon ciya ita ce abin ɗauka: a haɗa ƙwaya mai mai, da nono, da ɗan itace a kwano ɗaya, a shirya tun dare don kada safiya ta ci lokaci. Wannan kuwa fura ta riga ta yi rabinsa. A wanke riɗi a tsince tsakuwa, a shanya, a soya sama-sama, a daka shi ya yi laushi, don wanda ba a daka ba yakan wuce ciki yadda ya shiga. A ajiye a kwalba mai murfi, ya isa mako guda. Da safe a dama fura da nono, ko a yi kunun gero mai kauri, a zuba cokali 1 ko 2 na riɗin, ko tunkuza, ko garin ƙuli-ƙuli. In an jiƙa ƴaƴan kuka an tace, ruwan zai ba shi kauri da ɗan tsami, bitamin ɗin da ke cikinsa kuma na taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarin jinin da ke cikin gero da riɗi. Kindirmo ya fi ɗanyar madara jure zafi, shi ya sa kakanninmu suka zaɓe shi tun babu firji.

Ɗan itace kuwa a bi lokacinsa. Da bazara mangwaro har ruɓewa yake yi a ƙasan rumfa; wanda ya nuna sosai, da ake karyar da shi da yamma, shi ya fi dacewa a matse cikin fura a maimakon sukari. In ya wuce akwai gwaiba, kankana, gwanda, dabino. Garin da ake kira Magariya bai kamata ya raina magarya ba, haka goruba da kanya. Jariri dai nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata. Bayan nan sai a fara ba shi wannan kunu mai kauri, komai a niƙe, ba zuma sai ya shekara. Wadda kuma ta samu ciya ta saya, kada ta ba yaro ita busasshiya, domin tana kumbura ninki da yawa in ta sha ruwa, za ta iya tsayawa a maƙogwaro.

Akwai ciniki a nan ga mai ido. Ma'aikaci, ɗan makaranta da ɗan kabu-kabu duk suna neman abin da za su sha da sauri ya riƙe su zuwa azahar. Mai fura da ta ƙara riɗi da mangwaro ta sa a mazubi mai murfi ta fito da sabuwar haja ba tare da ta sayi komai daga waje ba. Amma dole mu faɗa wa juna gaskiya a kan algus. Sa kuka a nono ba laifi ba ne in an gaya wa mai saye. Laifin shi ne a tsinka nonon da ruwan da ba a san asalinsa ba, sannan a sa kuka don a ɓoye. Madarar da ba a tafasa ba kafin a kwantar da ita na iya ɗauko tarin fuka da wasu cututtuka daga shanu. Gyaɗar da ta yi funfuna tana da guba mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Wadda aka tsince aka ware, bai halatta a niƙa ta a sayar wa ƴaƴan mutane a matsayin tunkuza mai araha ba. Ludayi ɗaya da ke yawo daga baki zuwa baki a ɗauraye a ruwan da ya yini a roba, shi ma a daina.

A nan ne hukuma take da aiki. Kowace ranar kasuwa ana yankar wa mata tikiti a Magariya, Dungas, Waca, Dan Ciyawo da Sassumburum. Muna kira ga masu karɓar wannan haraji da su sa famfon ruwa mai tsabta da inuwa a layin masu fura da nono na kowace kasuwa, malaman tsabta kuma su zo da koyarwa kafin su zo da tara. Ƙungiyoyin mata masu adashi su ma za su iya sayen riɗi da gyaɗa da kaka, lokacin da tiya ke da sauƙi, su ajiye domin watannin Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da rumbu ke yin ƙasa, gadajen asibitin yara kuma ke cika.