A bar dattawa su yi gumi, tsokarsu na buƙata

A gidaje da yawa, da zarar mutum ya haura shekara 60 sai 'ya'ya da jikoki su fara hana shi motsi. "Baba, zauna ka huta." "Inna, bari a ɗauko miki." Ladabi ne da tausayi, amma yawan zama na cin tsokar tsoho a hankali ba tare da an lura ba.

Masana sun ƙiyasta cewa bayan shekara 30 mutum kan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a duk shekara goma, kuma raguwar na ƙara sauri bayan shekara 60. Idan abin ya yi nisa, likitoci na kiransa sakofeniya. Ita ce ke hana dattijo tashi daga tabarma sai ya dafa bango, ita ce kuma kan jawo faɗuwa da karayar ƙugu, wadda kan kwantar da tsoho har ƙarshen rayuwarsa.

An daɗe ana shawartar tsofaffi da tattaki a hankali kawai. Amma binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa jikinsu na iya ɗaukar fiye da haka idan an tsara. Tsarin shi ne mutum ya sa ƙarfi sosai na 'yan mintuna har ya fara haki, ya sassauta ya huta, sannan ya sake, sau huɗu ko biyar.

A shekarar 2017 masu bincike a asibitin Mayo Clinic da ke Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi na mako 12 a kan matasa masu shekara 18 zuwa 30 da dattawa masu shekara 65 zuwa 80. Wasu an sa su tuƙa keken motsa jiki da ƙarfi na minti huɗu, su sassauta na minti uku, har sau huɗu, kwana uku a mako. Wasu kuma an sa su ɗaga nauyi.

Sai aka duba mitokondiriya, wato ƙananan injinan da ke cikin ƙwayoyin tsoka masu juya abinci da iskar da ake shaƙa su zama kuzari. Waɗannan injina kan yi rauni da tsufa. A cikin masu tuƙa keke, ƙarfin aikinsu ya ƙaru da kashi 49 cikin 100 a matasa, a dattawa kuwa da kashi 69. Wato tsofaffin ne ma suka fi cin moriya.

Sai dai akwai abin lura a cikin binciken. Waɗanda suka ɗaga nauyi su ne suka fi samun ƙarin ƙarfi da kaurin tsoka. Saboda haka motsa jiki mai sa haki na gyara injin da ke cikin tsoka, ɗaga nauyi kuma na gina ita tsokar. Dattijo na buƙatar duka biyun.

Ba sai da keke mai tsada ba. Masu bincike a Jami'ar Shinshu ta ƙasar Jafan sun gwada tafiyar ƙafa kawai: minti uku da sauri, minti uku a hankali, aƙalla sau biyar, kwana huɗu ko fiye a mako. A sakamakon da suka wallafa a 2007, bayan wata biyar ƙarfin tsokar cinya ya ƙaru da kashi 13 zuwa 17 cikin 100, hawan jini ma ya sauka. Wannan abu ne da mai ritaya ko tsohuwa a ƙauye za su iya yi a layin gida.

A birnin Trondheim na ƙasar Norwe kuma an bibiyi mutum 1,567 masu shekara 70 zuwa 77 har tsawon shekara biyar. Waɗanda aka sa su yi irin wannan motsa jiki sau biyu a mako sun fi sauran ƙarfin zuciya da huhu. Yawan mace-mace a cikinsu ya kasance kashi 3 cikin 100, a rukunin masu motsa jiki matsakaici kuma kusan kashi 6, ko da yake masu binciken sun ce tazarar ba ta kai a yanke hukunci da ita ba.

Duk da haka bai kamata dattijo ya tashi da safe ya kama gudu ba shiri ba. Mutane da yawa na yawo da hawan jini ba su sani ba. A fara zuwa asibiti a auna jini da suga, mai ciwon zuciya ko ciwon gwiwa kuma ya nemi izinin likita. A yi 'yan makonni ana tattaki na yau da kullum kafin a ƙara sauri. A zaɓi sanyin safiya ko na yamma, a sha ruwa. Idan aka ji ciwon ƙirji, jiri ko bugun zuciya da ba a saba ba, a tsaya nan take. A kuma haɗa da abinci mai gina jiki kamar wake, ƙwai, kifi, nono da awara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su yi minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Tashi da zama a kan kujera sau goma, ko ɗaga jarkar ruwa, na cikin irin wannan aiki.

Ya kamata ma'aikatan asibitocin matakin farko su riƙa koya wa dattawa wannan tsari kamar yadda suke auna musu jini. Iyalai kuma su sake tunani a kan abin da suke kira hutu. Ɗan da ke son mahaifinsa ya daɗe a kan ƙafafunsa ya kai shi a duba lafiyarsa, sannan ya raka shi tattaki, agogo a hannu, yana ƙirga masa minti uku-uku.