Rashin riƙe fitsari ciwo ne, mu daina ɓoye tsofaffinmu



Akwai ciwon da ke cikin gidajenmu da yawa, daga Nima da Mamobi har Aboabo da Asawase, amma ba mai son kiran sunansa. Tsohuwa ta fara kasa riƙe fitsari, sai a mayar da ita ɗakin baya, a riƙa wanke zannuwanta da asuba kafin 'yan gida su tashi, masu zuwa gaisuwa a ce musu tana barci. Baba da ba ya rasa sahun farko sai a daina ganinsa a masallaci, a ce ƙafa ce ta matsa masa. A ganinmu wannan ɓoyon ya fi ciwon cutar da su.

Da yawanmu muna cewa ai tsufa ne, babu magani. Ba haka ba ne. Galibi akwai dalili, kuma wasu dalilan ana maganinsu. A wurin maza, sau da yawa ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda likitoci ke kira furostet, shi ke kumbura ya matse hanya. Mafitsara ba ta juyewa duka, ta cika ta riƙa ɗiga, in aka bar ta haka tana iya lalata ƙoda. A wurin mata, yawan haihuwa da shekaru kan sassauta naman da ke riƙe mafitsara, shi ya sa tari ko dariya ke sa fitsari ya zubo. Ciwon suga, ƙwayar cuta a mafitsara, taurin bayan gida, shanyewar ɓarin jiki da ciwon mantuwa duk suna kawo shi. Har wasu magungunan hawan jini suna ƙara fitsari. Kada a daina shan su, a dai gaya wa likita ya duba ko zai canja lokaci ko maganin.

Saboda haka matakin farko asibiti ne, tun kafin a sayi famfas. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, ta yafe wa duk wanda ya kai shekara 70 kuɗin shekara, kuma ana sabunta kati ta waya da *929#. A fara da asibitin unguwa, a gwada fitsari da suga. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Korle Bu ko Komfo Anokye. Amma idan aka ga jini a fitsari, ko zazzaɓi, ko tsoho ya ruɗe farat ɗaya, ko fitsari ya tsaya cak mara ta kumbura, ranar za a tafi, ba a jira gobe.

Kuskuren da ya fi yawa a gida shi ne hana tsoho ruwa don kada ya jiƙa shimfiɗa. Ƙarancin ruwa yana sa fitsari ya yi kauri da wari, ya ƙona mafitsara, ya taurara bayan gida, abin ya ƙara lalacewa. A bar shi ya sha kofi 6 zuwa 8 a yini, sai in likita ya ƙayyade masa, a rage kamar awa 2 kafin kwanciya. Abin da ya kamata a rage shi ne ataya mai ƙarfi da goro, musamman da yamma, domin suna zuga mafitsara. A ƙara masa kontomire, kuɓewa, gwanda da lemu.

Mun san gidajenmu. Bayan gida ɗaya ne ga ɗakuna goma, wani gidan ma sai an fita na haya. Tsoho mai sauri cikin duhu yana iya faɗuwa ya karya ƙugu. A ajiye masa fo ko bokiti mai murfi kusa da gado, da tocila a hannu. A riƙa tuna masa ya zaga duk bayan awa 2 ko 3, kada a jira sai ya matsu. A shimfiɗa roba ƙarƙashin zanen gado. In ya jiƙe a canja nan take, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a tsane, a shafa man kaɗanya, don fata mai zama cikin danshi tana zama gyambo.

Maganar salla ma kada ta zama hujjar killace shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan mai ɗigar fitsari, kuma an yi masa sauƙi a alwala. A tambayi limamin unguwa. Muna roƙon limamanmu su taɓo wannan a wa'azi, domin akwai dattawan da kunya ba za ta bar su su tambaya ba.

Sai maganar wa ke yin aikin. A yawancin gidaje an bar wa mace ɗaya, 'ya ko matar ɗa, wanki da dare da rana, ga kasuwarta ta tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Ya'ya maza su kula da mahaifinsu da kansu, ya fi masa sutura. Waɗanda ke Amurka da Jamus su ɗauki kuɗin famfas da sabulu kowane wata, kada su jira sai ranar sadakar bakwai su aiko da na shinkafa. A raba kwanaki, mai jinya ita ma ta samu ranar hutu.

Kuma mu kiyaye harshe. Ban da tsawa, ban da faɗa gaban jikoki, a rufe ƙofa lokacin canja kaya. Wadda muke wanke wa zane yau ta wanke namu shekaru ba ta gaya wa kowa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.