Ƙarya Fure Take: Nasiha Ga Masu Shuka Furanni Masu Guba A Gida



Ya 'yan uwana matasa, yau ina so mu tattauna kan wani al'amari da ake ɗauka ƙarami alhali rai yana iya salwanta ta dalilinsa, wato furannin ado masu guba da muke shukawa a gidaje da makarantu da harabar masallatai. A garuruwanmu, daga nan Ƙafin Maiyaki da Kiru da Bebeji har zuwa Tudun Wada da Doguwa, sha'awar ƙawata muhalli da fure tana ƙaruwa, kuma abin a yaba ne. Sai dai sau da yawa mai saye ba ya tambayar sunan abin da ya saya, mai sayarwa kuma ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Ra'ayina a taƙaice shi ne: shuka fure mai guba ba laifi ba ne a kan kansa, amma wanda ya shuka shi ya ɗauki amana, kuma wanda ba zai iya riƙon amanar ba, barin shukar ya fi masa alheri. Zan kafa misali da tsirrai biyu da kowa ya sani, ƙarya da zaƙami, domin hukuncina a kansu ba ɗaya ba ne.

ƘARYA DA ABIN DA KE CIKINTA

Ƙarya, wadda wasu ke kira ƙariya, ita ce ƙaramar itaciyar nan mai kumburarren gindi da rassa masu kauri, wadda ke zubar da ganye da rani sannan ta cika da fure ja-ja mai farin ciki. Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum, kuma asalinta busassun yankunan Afirka ne da kudancin ƙasar Larabawa. Ba kasafai ake ganin 'ya'yanta a gida ba, shi ya sa karin maganar nan ta iyayenmu, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ta dace da ita ƙwarai. A yau manoman fure a ƙasashe irin su Tailan sun samar da launuka iri-iri daga gare ta, suna sayarwa a duniya da tsada, alhali mu a wurinmu abar shinge ce.

To amma ƙarya dangi ɗaya take da tumfafiya da kwankwani, wanda maharba ke haɗa dafin kibiya da shi. Ita ma an daɗe ana amfani da ruwan jikinta a sassan Afirka wajen dafin kibiya da kashe kifi. Gubarta zuciya take nufa kai tsaye. Wanda ya ci wani sashe nata yakan fara da tashin zuciya da amai da gudawa, daga nan bugun zuciyarsa ya ragu ko ya rikice, kuma idan abin ya yi yawa yana iya kaiwa ga mutuwa. Gubar tana cikin saiwa da gindi da ganye da fure, ba ta bar ko'ina ba. Akuya da tunkiya ma ba su tsira ba.

Wani abin lura shi ne irin wannan sinadari likitoci ke ba masu ciwon zuciya. A shekarar 1785 wani likita a Ingila mai suna William Withering ya wallafa bincikensa kan wani fure mai guba na ƙasarsu, kuma daga dangin wannan furen ake samun maganin da ake kira digoxin. Abin da ya raba magani da guba a nan shi ne awo, awon kuwa ƙanƙane ne ƙwarai, ba a yin sa da cokali ko da tafin hannu. Saboda haka kada wani ya ji an ce tana da magani ya jiƙa ta ya sha.

YADDA AKE RENONTA

Ga wanda ya zaɓi ya shuka ta, renonta ba shi da wuya in an fahimci ɗabi'arta. Itaciyar fari ce, a kumburarren gindin nan take ajiye ruwa, don haka yawan ban ruwa ya fi ƙishirwa saurin kashe ta. Tana son rana sosai, da ƙasa mai yashi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Wannan ya shafe mu musamman, domin ruwan sama a kudancin Kano ya fi na wajen Daura ko Maraɗi yawa. Idan a tukunya take, a huda gindin tukunyar, a haɗa ƙasar da yashi mai gwari da ɗan ruɓaɓɓen taki, a ɗora ta a kan bulo, kuma a cikin watan Agusta a lura kada ta kwana cikin ruwa. In ka taɓa gindin ka ji ya yi laushi, saiwa ta fara ruɓewa. Da hunturu a rage mata ruwa ƙwarai, kuma kada a tsorata in ta zubar da ganye, hutu take yi kafin fure.

Ana dasa ta da reshe ko da iri. In da reshe ne, a yanka da wuƙa mai kaifi, a ajiye shi a inuwa 'yan kwanaki har bakin yankan ya bushe, sannan a kafa shi a cikin yashi mai ɗan danshi. Wadda aka shuka da iri ita ta fi yin kyakkyawan gindi. A lokacin yanka ne haɗarin ya fi kusa da mai renon: a sa safar hannu ko a ɗaura leda, kada a taɓa ido ko baki, a wanke hannu da wuƙar da sabulu, kuma kada a yi aikin da wuƙar da ake yanka albasa. Rassan da aka sare a haƙa rami a binne su, kada a watsa su a juji inda dabbobi ke kiwo, kada kuma a sa su a murhu.

Sai batun wuri, wanda shi ne mafi muhimmanci. Tsakar gida inda yara ke rarrafe ba wurinta ba ne, haka bakin rijiya, da kusa da turken dabbobi, da ƙofar ajin ƙananan ɗalibai. Yaro ɗan shekara 2 bai san sunan fure ba, launi yake gani, hannunsa kuma baki yake nufa.

ZAƘAMI KUWA DABAN NE

Zaƙami, mai fure kamar bakin kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, shi ma a wasu ƙasashe ana shuka shi don ado, a wurinmu kuma yakan fito da kansa a juji da kangon gida. Sunan da Hausawa suka ba shi, haukata yaro, ya isa bayani. Wanda ya sha shi bakinsa yakan bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, jikinsa ya yi zafi, zuciyarsa ta riƙa bugu da sauri, ya dinga sambatu yana cafkar abin da babu shi, wani fitsari ya ƙi fita, wani ya suma bai farfaɗo ba. Ƙarfin gubar ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, har daga ƙwaya zuwa ƙwaya, shi ya sa babu wanda zai ce ya san daidai gwargwadonsa. A shekarar 1676, a garin Jamestown na Amurka, wasu sojojin Ingila sun dafa ganyen ɗan uwansa suka ci, suka yi kwanaki ba su cikin hayyacinsu.

Bambancinsa da ƙarya shi ne, ita ƙarya bisa kuskure ake cin ta, shi kuwa zaƙami nemansa ake yi da gangan. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabace shi. A cikin al'ummar da ke fama da wannan jarrabawa, ban ga hujjar renon zaƙami a gida da sunan ado ba. Shawarata a cire shi tun kafin ya yi 'ya'ya.

INDA ADDINI YA SHIGO

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi bayani mai amfani a nan. Imam Alƙarafi, wanda ya rasu a shekarar 684 bayan Hijira, ya rarrabe a littafinsa Alfuruƙ tsakanin abin da ke sa maye tare da nishaɗi kamar giya, da abin da ke ɓata hankali ba tare da nishaɗi ba, da abin da ke gusar da ji da gani gaba ɗaya. Bisa wannan rabo, tsiro mai ɓata hankali ba najasa ba ne, taɓa shi ba ya ɓata tufa ko salla, amma gusar da hankali da shi haramun ne. Ke nan tsiron halitta ce daga halittun Allah, hukuncin yana rataye ne a kan aikin ɗan Adam.

Sannan sananne ne a fiƙihu cewa wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ba tare da haƙƙi ba, shi ke da alhakin abin da ya faɗa ciki. A fahimtata, wanda ya kafa tsiro mai kisa a inda yaran maƙwabta da dabbobinsu ke wucewa, alhali ya sani, ya kusanci wannan hali, ko da niyyarsa ado ce. Ladan dasa itace tabbatacce ne, amma kawar da cuta yana gaba da neman ƙawa.

Na san wani zai ce to me zai hana a tumɓuke su duka a huta? Amsa ita ce ba zai yiwu ba. Aguwa da bini da zugu da muke shinge da su, da tumfafiyar da ta cika bayan gari, duk suna da guba, kai har wani rogon sai an jiƙa an sarrafa kafin a ci. Iyayenmu da ilimi suka zauna da su lafiya, suna nuna wa yaro tun yana ƙarami abin da ba a kai wa baki. Wannan ilimin ne yake neman ɓace mana. Wani kuma zai ce ai komai ƙaddara ce. Haƙiƙa haka ne, amma riƙo da sababi ba ya kore tawakkali, kuma babu mai barin garwashi a gaban jariri ya ce ya dogara.

IDAN TSAUTSAYI YA AUKU

A cire abin da ya rage a bakin yaron, a kuskure masa baki, a garzaya da shi asibiti mafi kusa nan take, ko da bai nuna alamar komai ba, domin gubar ƙarya tana iya jinkiri kafin ta bayyana. A tafi da reshe ko furen a cikin leda don likita ya gani. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ana jiran sauƙi, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada kuma a ɗaure wanda zaƙami ya buga a ɗaki ana cewa zai sake shi. In ruwan tsiron ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na tsawon mintoci 15 kafin a tafi.

Ina kira ga 'yan uwana malaman Islamiyya da mu zaga harabar makarantunmu mu san abin da ke tsiro a ciki, ga matasa kuma da su tambayi suna da halin kowane fure kafin su kai shi gida, su kuma sanar da iyaye mata, domin su ne ke tare da yara dare da rana.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya ba mu ilimi mai amfani. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum warahmatullah.