Wa Zai Tsare Rumbun Manomin Obi?

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so in baje ta a wannan shafi namu ko a sami masu taya ni dubawa. Yawancinmu da ke cikin wannan kwaleji, ran da muka karɓi takardar shaida ba a birni za a ajiye mu ba. Ƙauye za a tura mu, inda ba lantarki, ba kwalta, caji ofis kuwa sai an yi tafiya mai nisa. To, ya kamata tun yanzu mu san abin da za mu ce ran da dattawan gari suka kira mu gindin bishiya, suka ce, "Malam, kai ne mai ilmi, ɓarayi sun dame mu, yaya za mu yi?" Na zaɓi ƙasar Obi ta Jihar Nasarawa in yi misali da ita, domin mutanenta sun gwada jiran hukuma, sun kuma gwada tsaron kai, sun ga inda kowanne ya kai su.

Obi tana kudu da Lafia, tana maƙwabtaka da Keana da Awe. Ƙasa ce mai albarka ƙwarai. Ana noman doya da riɗi da shinkafa da agushi da rogo da masara, kasuwar doya ta Agyaragu kuwa har daga nesa manyan motoci ke zuwa lodi. Akwai Alago, akwai Migili, akwai Eggon da Tibi, ga Fulani makiyaya, ga Hausawa. Abin lura shi ne dukiyar waɗannan mutane duk a fili take. Doya tana jibge a rumfar gona, riɗi yana daɓe yana shan iska, shanu suna ruga, babur yana ƙofar gida. Da yawa daga cikin manoma kuma ba a cikin gari suke zaune ba, kowa ya kafa 'yan ɗakunansa a bakin gonarsa, tsakaninsa da maƙwabci sai an ɗaga murya.

Yanzu mu yi ɗan lissafi irin na aji uku. Mu ƙaddara ɓarayi sun faɗa wa wani gidan gona da ƙarfe biyu na dare, tsakaninsa da caji ofis mil goma sha biyar. Kwance shanu da kora su cikin daji, ko ɗora buhunan riɗi kan babura, bai fi aikin minti ashirin ba. Mai gida kuwa sai ya tsira da ransa tukuna, sa'an nan ya nemi tudun da waya ke kamawa, in ma akwai caji a wayar. In an yi sa'a an ɗauka, sai a nemi mota, a nemi mai, a nemi isassun mutanen da za su fita a bar wasu su tsare ofis. In damina ce ga taɓo, ga rafi ya kawo. Ko da a ce kowane ɗan sanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ba wanda ya yi nawa ko na minti ɗaya, kafin su iso shanun sun tsallake zuwa wata ƙaramar hukuma, wata sa'a ma wata jiha, tun da Binuwai da Taraba ba nisa. Wannan shi ne ihu bayan hari, kuma nisa ne ya jawo shi da rashin hanya.

Saboda haka ni ban ga amfanin zagin kurtun ɗan sanda ba. A duba yawansu. Ana ƙiyasta 'yan sandan Nijeriya duka ba su kai 400,000 ba, mutanen ƙasa kuwa sun haura miliyan 200. Cikin wannan ɗan adadi ma, a 2018 Mike Okiro, wanda ke shugabancin hukumar kula da aikin 'yan sanda a lokacin, ya ce fiye da 150,000 suna gadin manyan mutane ne. A watan Nuwamba 2025 Shugaba Tinubu ya ba da umurni a janye su a mai da su aikin jama'a. Madalla da wannan, amma mun sha jin irin wannan umurni daga bakin sufetoci janar daban-daban, sai mu zuba ido mu ga ko rabon zai kai Adudu da Agwatashi.

Dattawa sukan ce da ba haka abin yake ba. Zamanin En'e, sa'ad da Lafia take cikin Lardin Binuwai, akwai dogarai da 'yan doka, 'yan ƙasa ne, sun san kowace hanya da kowane tsohon ɓarawo. Baƙo bai kwana a gari mai unguwa bai sani ba, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi. Gaskiya ne. Amma kada daɗin labari ya sa mu manta abin da ya kashe wannan tsari. 'Yan siyasa sun mai da 'yan doka sandar bugun abokan hamayya, 'yan NEPU sun sha wuya a hannunsu, a ƙasar Tibi kuma ƙiyayyar En'e da 'yan dokarta tana cikin abin da ya hura tarzomar 1960 da ta 1964. Shi ya sa bayan juyin mulkin 1966 soja suka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. Tsarin Mulki na 1999 kuma, a sashe na 214, ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce ga ƙasa duka. Tun daga nan ake ta muhawarar kafa 'yan sandan jihohi, manomi kuwa ba zai ajiye doyarsa a gona ya jira majalisa ta gama magana ba.

Ashe ke nan tsaron kai ya zama tilas, doka ma ba ta hana ba. Mutum yana da ikon kare ransa da dukiyarsa gwargwadon abin da ya wajaba, yana kuma da ikon kama wanda ya tarar yana sata, muddin zai miƙa shi ga 'yan sanda ba da jinkiri ba. Inda gizo ke saƙa shi ne irin tsaron kan da za a yi, kuma a nan ne ƙasar Obi take da darasi mai ɗaci.

Kowa a Nasarawa ya san sunan Ombatse. Ƙungiya ce da ta taso a tsakanin samarin Eggon, masu ita suka ce don gyaran tarbiyya ne da kare jama'arsu. Ba ƙarya ba ne cewa an kai wa ƙauyukan Eggon hare-hare, kuma sun ga hukuma ba ta zuwa da wuri. Amma da aka haɗa rantsuwa da makami da sunan ƙabila wuri guda, sai abu ya fi ƙarfin masu shi. A watan Nuwamba 2012 aka faɗa wa Agyaragu, garin Migili, aka kashe mutane aka ƙone gidaje, aka ɗora alhakin kan 'yan ƙungiyar. Gwamnatin Umaru Tanko Al-Makura ta haramta ta. Ran 7 ga Mayu 2013 aka tura 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya ƙauyen Alakyo kusa da Lafia su kamo jagoranta, aka yi musu kwanton ɓauna, aka kashe fiye da 70 a dare ɗaya. A watan Satumba na shekarar rikici ya ɓarke tsakanin samarin Eggon da Alago, wuta ta ci Tudun Adabu da Assakio da garin Obi kansa, sai da aka kawo soja. Talakan Eggon da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ma ya rasa gona da kasuwa.

Ba kuma Eggon kaɗai ba, kada wani ya ce na ware su. A watan Yuni 2001, bayan kisan Sarkin Azara, Alhaji Musa Ibrahim, aka huce kan Tibi a Awe da Keana da Obi, dubbai suka gudu Binuwai. A watan Disamba 2021 aka kashe wani makiyayi a yankin Obi, sai aka bi ƙauyukan Tibi na Lafia da Obi da Awe da ramuwar gayya, fadar shugaban ƙasa ta ce manoma 45 aka kashe. Ku duba da kyau, duk tafiyar iri ɗaya ce. Mutum ɗaya ko biyu su yi laifi, hukuma ta yi jinkiri, sai 'yan'uwan wanda aka zalunta su ɗauki makami. Mai laifin ya riga ya tsere, don haka sai a faɗa wa na kusa, wanda laifinsa kawai yarensu ɗaya da wanda ake zargi. A Zamfara haka 'yan sa kai suka riƙa kashe Fulani a kasuwanni da sunan farautar ɓarayin shanu, yau ga inda Zamfara take. A Uromi ta Jihar Edo, a watan Maris 2025, 'yan banga suka tare mafarauta 16 masu komawa gida Kano, aka kashe su kan zato kawai. Waɗanda suka yi wannan aika-aika su ma cewa suke gari suke tsarewa.

Wani zai ce, to, a ba kowa bindiga mana, kowa ya tsare ƙofarsa. Gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya yi irin wannan kira a 2022. Ni ban yarda ba. Dokar makamai ta 1959 ta ɗaure mallakar bindiga da lasisi, amma mu ajiye doka gefe, mu yi maganar hankali. Manomin da ya sayar da doyar shekara ya sayi bindigar toka ba zai iya da mutum goma masu bindigar yaƙi ba. Abin da bindigar za ta iya shi ne ta tashi ran da saniyar maƙwabci ta shiga rogo, ko ran da aka yi musun iyakar gona. Rigimar da a da ake kashe ta da buhun masara biyu a gaban dagaci da arɗo, sai ta koma gawa, gawa kuma ta jawo gawarwaki.

Abin da nake ganin ya dace shi ne gari ya tsare kansa da sunan gari. In za a kafa 'yan sintiri a ƙauye, a sa ɗan Alago da ɗan Tibi da ɗan Eggon da Bafulatani su yi zagaye tare a dare ɗaya. Na san wuya gare shi, musamman inda jini ya taɓa zuba, amma ina ganin wannan shi ne ginshiƙin abin duka. Ƙungiyar da ke da ɗan kowace ƙabila ba za ta iya shirya ƙone unguwar wata ƙabila ba, domin kafin a gama shawara labari ya kai. Ban da haka, ba wanda ya san sawun shanu da hanyoyin daji kamar makiyayi, kuma shi ne ya fi kowa asara in an yi satar shanu. Barinsa a waje wauta ce. A rubuta sunan kowane ɗan sintiri, dagaci da arɗo su sa hannu, a kai kwafi ga DPO na Obi. Kada a yi rantsuwar asiri, kada a yi ɗakin tsare mutane, kada a yi bulala. Aikinsu su gani, su yi kuwwa, su bi sawu, su kama in sun iya, su miƙa. Fitila da usur da waya mai caji sun fi musu amfani bisa ga layu, domin ɓarawon doya ba abin da ya ƙi jini kamar gari ya farka.

Sa'an nan a tuna da ɗan gari kan ci gari. Saniyar sata ba ta da amfani sai an sayar, riɗin sata sai an auna. Ashe rabin tsaron a kasuwa yake. Da sarkin kasuwa da dillalai da mahauta za su ƙi karɓar dabbar da ba a san mai ita ba, a rubuta wanda ya kawo da wanda ya saya da kamanninta, da satar ta ragu ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Wannan aikin alƙalami ne da littafi.

Hukuma ma tana da nata kason, kuma dole a faɗa mata. Ba abin da ke sa mutane ɗaukar doka a hannu kamar su kama ɓarawo da kaya a hannu, su yi ɗawainiyar kai shi, bayan kwana uku su gan shi a kasuwa yana yi musu dariya. Beli haƙƙi ne a doka, amma in ba wanda ya yi wa masu ƙara bayani, kuma shari'ar ta shekara ba a yanke ba, wa zai sake wahalar kai ɓarawo? Ƙaramin ofishin 'yan sanda a manyan ƙauyuka, da babura maimakon mota ɗaya da ba ta ƙetare rafi, da gyaran kwalbatoci, waɗannan su ne za su rage lissafin nan da muka yi a sama. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin kai tsakanin 'yan sanda da jama'a. Sai mutanen Obi su nemi a kafa su da gaske, su kuma shiga ciki.

To, ina malamin makaranta a cikin wannan? Ba a ce ya ɗauki gora ya bi dare ba, gobe yana da aji. Amma sau da yawa shi ne zai riƙe littafin sunayen 'yan sintiri, ya rubuta ranar da aka yi sata da lokacin da aka buga waya da lokacin da aka zo. Ran da za a kai kuka ga shugaban ƙaramar hukuma, shafi uku na irin wannan ya fi surutun mutum ɗari. Shi ne zai manna lambar DPO da ta dagaci da ta arɗo a bangon makaranta, ya sa yara su haddace kamar yadda suke haddace jadawalin sau. A ƙauyuka da yawa kuma, taron iyayen yara shi kaɗai ne wurin da Alago da Tibi da Eggon da Fulani ke zama kan benci ɗaya ba tare da an yi rikici tukuna ba. Wanda ke kiran wannan taro kuwa hedimasta ne da malamansa, kuma lokacin da ya fi dacewa a kira shi shi ne kafin a fara haƙar doya.