Ba Kullum Ne Laifin Mai Sayar Da Iri Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana masu noman lambu, musamman na Kura da Kadawa da Bunkure masu shan ruwan Tiga, da ma duk inda ƙasa take laka.

Duk shekara da an shiga rani sai ka ji ana ta cacar baki a kasuwa, wai an sayar wa mutum mataccen irin albasa ko na karas. To jama'a, akwai 'yan kasuwa marasa tsoron Allah, ban musa ba. Amma sau da yawa irin lafiyarsa ƙalau, ƙasa ce ta yi ɓawo ta danne shi. Mai shakka ya sa tsinke ya ɗaga ɓawon nan, zai tarar da tsiron a lanƙwashe, ya yi fari fat, ya rasa hanyar fitowa.

Mu ne muke jawo wa kanmu. Sai a dandaƙe ƙasa da fartanya har ta koma gari, sannan a sako ruwan inji da ƙarfi cikin kwami. Ruwan ya narkar da ƙasar, laka ta toshe 'yan kafofin da iska da ruwa ke bi, rana da iskar hunturu su busar da saman ya zama kamar daɓe. Wake da masara kan iya fasa shi, amma ƙaramin iri irin na latas, ina!

Don haka a daina niƙe ƙasa, a bar ta da 'yan ƙananan dunƙule. A zuba takin gida ruɓaɓɓe tun kafin shuka, don shi ke riƙe ƙasa kada ta narke. In an yafa iri a rufe shi da yashi gauraye da taki maimakon laka, a ɗora busasshiyar ciyawa ko karan shinkafa shara-shara. Ruwa kuwa yayyafi, safe da yamma, kada saman ya bushe. Karas kan kai mako biyu bai fito ba, sai an yi haƙuri. Da tsiro ya leƙo a ɗage ciyawar.

In kuma ɓawon ya riga ya kama, a fara jiƙa shi ya yi laushi, sannan a kakkarya a hankali a gefen layi. Wanda ya sa fartanya a busasshe, da tsiron zai ɓamɓaro.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu cinna wa karan shinkafa wuta bayan girbi. Don Allah a bar wa masu lambu su kwasa, ko da saye ne.



Wani mai lambu,
Kura, Jihar Kano.